Yadda na zana allon kare batirin sola a kwamfuta da manhajar KiCad

Batirin sola mai ruwan asid, irin mai bolt 12 da ake gani a shaguna da gidaje da dama a Kano, ba ya son a zuƙe shi ƙarƙaf. Idan ya cika kuma ya huta, mita takan nuna kusan bolt 12.7, amma duk ranar da aka bar fitilu da fanka suna jan sa har ya gangara ƙasa da bolt 11, to an rage masa kwana, domin wani gishirin dalma yakan taru ya daskare a jikin farantansa, cajin gobe kuma ba ya iya narkar da shi duka. Na'urorin caji na sola da yawa suna da wurin da ke yanke wuta da kansu idan batir ya yi ƙasa, sai dai mutane kan tsallake wurin su ɗaura wayoyinsu kai tsaye a kan batir. Wannan ne ya sa na ƙudurta haɗa wani ɗan ƙaramin allo da za a sa tsakanin batir da kayan da yake ɗauka, wanda zai katse wuta idan ƙarfin ya sauka zuwa bolt 11.5, kuma ba zai maido da ita ba sai caji ya ɗaga batirin zuwa wajen bolt 12.4.

Irin wannan da'ira ana iya harhaɗa ta a kan allon nan mai huji-huji da ake sayarwa a kasuwa, a yi ta jan waya da dalma daga ƙafa zuwa ƙafa, kuma za ta yi aiki. Matsalar ita ce idan ana son guda goma iri ɗaya, dole a maimaita wahalar sau goma, kuma kowanne da inda zai bambanta da ɗan'uwansa. Don haka na zaɓi in zana shi a kwamfuta. A makarantun kimiyya da fasaha na ƙasar nan ɗalibai sun fi sanin Proteus, ta kamfanin Labcenter da ke Ingila, wadda take da daɗin gwaji ƙwarai, amma lasisinta na kuɗi ne, kwafin da ke yawo a hannun mutane kuwa ban yarda in ɗora aikina a kansa ba. EAGLE, wadda ta daɗe tana tashe tun daga 1988, ta koma hannun Autodesk a 2016, kuma kamfanin ya riga ya sanar da cewa zai daina kula da ita a 2026. Sai na tsaya a kan KiCad, wadda wani malami mai suna Jean-Pierre Charras ya fara rubutawa a 1992 a birnin Grenoble na Faransa, daga baya kuma cibiyar binciken nukiliya ta Turai, wato CERN, ta sa hannu wajen inganta ta tun daga 2013. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux da Mac, kuma ko da yake sauke ta yana cin data wajen gigabayit ɗaya, da zarar ta zauna a kwamfuta ba ta ƙara neman intanet. Na yi amfani da fitowa ta 8, wadda aka saki a watan Fabrairun 2024.

Abin da ya bambanta manhaja irin wannan da manhajar zane ta yau da kullum shi ne, ba hoto kawai take ajiyewa ba. A cikin aiki guda akwai tagar zana alamomin da'ira, da tagar gwajin kwaikwayo, da tagar shimfiɗa allo, da ta kallon allon kamar a zahiri, da ƙaramin kalkuleta na injiniya, kuma ban da kalkuletan, dukkansu daga jeri ɗaya suke karantawa, wato jerin da ke cewa ƙafa kaza ta abu kaza tana haɗe da ƙafa kaza ta wani. Duk abin da na yi daga farko zuwa ƙarshe a kan wannan jerin ya dogara, kuma saboda shi ne kwamfuta take iya cewa an saɓa, alhali takarda da biro ba sa iyawa.

Na fara da tagar alamomi. Na ɗauko LM393 daga rumbun manhajar, wato ayisi (ɗan ƙaramin abu da aka cusa da'ira guda a cikinsa) mai ƙafa takwas da ke kwatanta ƙarfin lantarki biyu ya faɗi wanda ya fi, sannan TL431, wanda ke riƙe bolt 2.495 ba tare da ya damu da hawa ko saukar batir ba, shi ne ma'aunin da za a riƙa gwada batirin da shi. TL431 yana buƙatar aƙalla miliamfiya ɗaya ta ratsa shi kafin ya tsaya daidai, don haka na ciyar da shi ta rizista mai kilo-om 4.7, wadda ke ba shi kusan miliamfiya biyu ko da batir ya yi ƙasa. Makunnin da zai ɗauki nauyin wutar kuwa taranzista ce ta IRFZ44N, wadda na sa a ɓangaren negatif na kayan da ake ciyarwa. Akwai wani hali na LM393 da dole a kiyaye: ƙafar da yake ba da amsa tana iya jan layi zuwa ƙasa, amma ba ta iya tura shi sama da kanta, saboda haka sai an ɗaure ta da fozitif ta wata rizista, ni kuma na sa mai kilo-om 10.

A lissafin rizistocin da ke rage ƙarfin batir ne na fi daɗewa, domin nan ne hikimar da'irar take. Na sa kilo-om 39 a sama da kilo-om 10 a ƙasa, mahaɗarsu ta shiga ƙafar ayisin, sannan na ɗauko wata mai kilo-om 470 daga ƙafar amsa na maido da ita kan wannan mahaɗa. Lokacin da wuta take kunne, wannan rizista ta uku tana zama kamar mataimakiyar ta sama, sai darajar ta sama ta ragu zuwa kusan kilo-om 36, iyakar yankewa ta faɗo kan bolt 11.5. Da zarar an yanke, sai ta koma taimaka wa ta ƙasa, iyakar kunnawa ta ɗaga zuwa kusan bolt 12.4. Dalilin wannan tazara shi ne batirin da aka sauke wa nauyi yakan ɗan farfaɗo nan take, mita ta nuna ya ƙaru ko da ba a ƙara masa komai ba, kuma idan iyakar yankewa da ta kunnawa ɗaya ce, da'irar za ta ɗauka batir ya warke, ta kunna, ya sake faɗuwa, ta yanke, haka za ta yi ta yi har taranzistar ta ɗauki zafi. Na ƙara kafasita mai mikrofarad 10 a kan mahaɗar don kada fizgar da fanka ke yi a lokacin tashi ta sa a yanke wuta ba dalili.

Da na gama zanen sai na sa manhajar ta duba ƙa'idojin lantarki. Ta kawo ƙorafi iri biyu. Na farko, ta ce ƙafar wutar ayisin ba ta da mai ciyar da ita, wanda kowa ke cin karo da shi a KiCad, domin manhajar ba ta san cewa a bayan mahaɗin nan mai sukurori biyu batir ne zai zauna ba, sai an liƙa wa layin wata 'yar tuta da ke shaida mata cewa daga nan wuta ke shigowa. Na biyu, LM393 yana ɗauke da masu kwatantawa biyu a jikinsa, ni kuma ɗaya nake buƙata, don haka ta tambayi makomar sauran ƙafafun. Na ɗaure ɗaya daga ƙafafun shigarwa da layin bolt 2.495, ɗayar da negatif, domin kada ya riƙa rawa shi kaɗai, ƙafar amsarsa kuma na sa mata alamar cewa da gangan aka bar ta. Wannan dubawa tana da amfani, amma iyakarta ke nan: tana lura da ƙafar da aka manta da layin da bai kai ba, ba ta da masaniyar ko kilo-om 39 ɗin da na rubuta shi ne daidai.

Amsar wannan tambaya sai a tagar gwajin kwaikwayo. Injin da ke ƙarƙashinta shi ne ngspice, jikan SPICE, manhajar kwaikwayon da'irar lantarki da aka ƙirƙira a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda Laurence Nagel da malaminsa Donald Pederson suka gabatar a 1973, lokacin da sai manyan kwamfutocin jami'a ke iya irin wannan lissafi. Rizista da kafasita manhajar ta san halinsu, amma LM393 da TL431 sai da na sauko da fayilolin da ke bayyana halayensu daga shafin kamfanin da ke ƙera su, sannan na zauna na daidaita lambar kowace ƙafa ta alamar da ta fayil ɗin, domin jerin ba lallai ya zo ɗaya ba, kuma idan aka karkace a nan, sakamakon da zai fito zai yi kama da gaskiya alhali ba ita ba ce. A madadin batir na sa tushen wuta da ke gangarowa a hankali daga bolt 13 zuwa 11 sannan ya sake hawa, na jera masa ƙaramar rizista mai om 0.05 don ta wakilci raunin cikin batir, na kuma rataya masa nauyin da zai ja amfiya biyar. Layin da ke nuna ƙofar taranzista, wato ƙafar da amsar ayisin ke bi ta kunna ta ko ta kashe ta, ya faɗo daidai lokacin da bakin allon ya kai bolt 11.5, ya kuma tashi a 12.4, kamar yadda lissafi ya nuna. Don in ga abin da idona, na cire rizistar kilo-om 470 na sake gwadawa, sai layin ya cika da hawa da sauka a wurin iyakar har ya zama baƙin dunƙule a fuskar kwamfuta.

Akwai abin da gwajin ba ya faɗa sai an tambaye shi. A cikin kwamfuta kilo-om 10 kilo-om 10 ne cif, amma rizistar kasuwa mai zoben ruwan zinare a ƙarshe tana iya kaucewa da kashi biyar cikin ɗari sama ko ƙasa. Da na canza darajojin da hannu, na ɗaga ta sama da kashi biyar na sauke ta ƙasa da kashi biyar, iyakar yankewa ta matsa da kusan bolt 0.9, wanda a wurin batir mai bolt 12 shi ne bambancin rabin caji da mutuwa. Wannan ya yanke mini shawara: dole rizistoci ukun nan su zama masu kashi ɗaya cikin ɗari, irin shuɗayen nan masu zobe biyar.

Mataki na gaba shi ne bai wa kowace alama sawunta, wato siffar ramuka da filayen jan ƙarfe da abin zai zauna a kai a jikin allo, kuma a ganina nan ne aikin ya fi buƙatar a bar kujera. Alama ɗaya ta TL431 tana iya zama abu mai ƙafa uku dogaye, tana iya zama ɗan mitsitsin da ake liƙawa a saman allo, kuma jerin ƙafafunsu ba ɗaya ba ne. Rumbun manhajar yana da dubban sawu, amma bai san abin da ke cikin durowar mai shago a kasuwar Sabon Gari ba. Saboda haka ban zaɓi sawu ko ɗaya ba sai da na je na sayo kayan duka, na zube su a kan tebur, na bi su da ma'aunin baniya, mai auna kauri da tazara daidai, ɗaya bayan ɗaya. Ayisin ba shi da rigima, tazarar ƙafafunsa milimita 2.54 ce, faɗin layukansa biyu kuma 7.62, haka yake a ko'ina. Mahaɗin sukurori ne abin lura, domin akwai mai tazarar milimita 5.00 akwai mai 5.08, ido ba ya raba su, kuma ko da yake a kan ƙafa biyu bambancin bai cika hana shiga ba, idan aka jera da yawa sai ya taru ya ƙi. Nawa masu 5.00 ne. Kafasitar kuma na auna kaurinta da tazarar ƙafafunta, mariƙin fis ɗin da na samu kuwa babu irinsa a rumbun sam, sai da na buɗe tagar zana sawu na ƙirƙira masa nasa daga awon da na ɗauka.

Da na danna F8, duk kayan suka bayyana a tagar allo a cunkushe wuri guda, siraran layuka suna tsallaka juna tsakaninsu kamar saƙar gizo-gizo, kowane layi yana nuna ƙafafu biyu da jerin ya ce sai an haɗa. Na fara zana iyakar allon, santimita bakwai a tsawo da biyar a faɗi, sannan na shiga jera kaya, kuma na fahimci cewa rabin aikin jan hanyoyi a wurin jerawa ake gama shi, domin duk juyin da aka yi wa abu ɗaya yana warware layuka ko ya ƙara cukurkuɗa su. Mahaɗin batir da fis da taranzista da mahaɗin kaya na jera su a gefe ɗaya kusa da juna don babbar wuta ta bi gajeriyar hanya, ayisi da 'yan rakiyarsa kuma na ware su can ɗaya gefen, da ƙaramar kafasita mai nanofarad 100 dab da ƙafarsa ta takwas.

Faɗin hanyoyin ba da ka na zaɓa ba. Kalkuletan manhajar, wanda ke bin ƙa'idar IPC-2221, ya nuna cewa a kan jan ƙarfe mai kaurin mikromita 35, wanda shi ne aka saba da shi, amfiya biyar tana buƙatar hanya mai faɗin kusan milimita 3 idan ba a so zafinta ya wuce na iska da fiye da digiri 10. Na ba ta milimita 4, ƙananan hanyoyi kuma 0.8, tunda na yi niyyar fara wanke allon a gida. Wani abu da babu manhajar da ta tuna mini shi ne inda rizistocin awo za su ɗebi ƙarfin batir. A wurin jerin haɗe-haɗe, duk inda aka taɓa a kan layin negatif ɗaya ne, amma a zahiri hanyar da amfiya biyar ke bi tana zubar da ɗan ƙarfi a tsawonta, don haka na ja wa sashen awo tasa siririyar hanya daban tun daga ƙafar mahaɗin batir. IRFZ44N kuwa, da juriyarta ta miliom 17.5 idan ta buɗe sosai, ba za ta zubar da fiye da rabin wat ba a amfiya biyar, amma duk da haka na bar fili a bayanta ko za a so ɗaura ƙarfen sanyaya, tare da lura cewa kunnen ƙarfen da ke jikinta haɗe yake da ƙafarta ta tsakiya, bai kamata ya taɓa komai ba.

Duban ƙa'idojin allo ya tabbatar babu hanyar da ta matso kusa da 'yar'uwarta fiye da rabin milimitar da na gindaya, babu kuma haɗin da ya rage ba a ja ba. A tagar kallon zahiri na juya allon ta kowace fuska, inda na ga cewa bakin mahaɗan yana kallon waje yadda waya za ta shiga. Sai na buga zanen a takarda daidai girmansa, na shimfiɗa ta a kan guntun soson katifa, na soka ƙafafun kowane abu a raminsa. Duk sun zauna, kuma wannan gwaji na takarda ya fi kwantar mini da hankali fiye da duk koren sakamakon da kwamfuta ta nuna.

Allon farko a gida na wanke shi. Na buga shimfiɗar baya, wato zanen hanyoyin da ke bayan allon, da firinta mai garin tawada a kan takarda mai sheƙi, ban juya hoton ba, domin kifa takardar a kan jan ƙarfe shi kansa juyi ne, shimfiɗar gaba ce ake juyawa kafin bugu. Na goge farantin da soson ƙarfe har ya yi haske, na kifa takardar, na danne da dutsen guga mai zafi ina bin kowane lungu, sannan na jiƙa shi a ruwa na murje takardar da yatsa a hankali har baƙaƙen hanyoyin suka fito. Inda tawada ta ɗan tsinke na cike da alƙalamin maka. Daga nan na tsoma shi cikin ruwan ferik kulorayid mai ɗumi a robar da ba a cin abinci da ita, ina karkaɗawa, jan ƙarfen da ba a rufe ba yana ɓacewa daga gefe zuwa tsakiya. Ruwan nan yana cin ƙarfe, yana ɓata tufafi har abada, kuma bai dace a zuba shi a kwata ba, don haka a jarka nake mayar da shi. Na huda ramukan rizista da ayisi da tsinke mai milimita 0.8, na taranzista da mahaɗai da wanda ya fi shi kauri, na liƙa komai da dalma, na kuma ƙara kwantar da dalma a kan manyan hanyoyin.

A wurin gwaji na ciyar da allon daga na'urar ba da wuta da ake iya murɗawa, na rataya masa ƙwan fitilar mota, na sa mita a bakin mahaɗin batir ina saukowa sannu a hankali. Fitilar ta mutu ɗan ƙasa kaɗan da bolt 11.5, ta kuma dawo a kusa da 12.4, yankewa ɗaya tak ba tare da ƙyaftawa ba, kuma ɗan bambancin da aka samu bai wuce abin da kaucewar TL431 da ta rizistoci za su iya haifarwa ba.

Tunda zanen ya tabbata, sai na shirya shi don masana'anta. Na mayar da shi mai fuska biyu, na cike filin da ya rage da jan ƙarfen negatif, na fitar da fayilolin Gerber, wato irin waɗanda injinan masana'anta ke karantawa, ɗaya ga kowace shimfiɗa, da fayil ɗin ramuka, na buɗe su a tagar dubawa na bi su ɗaya bayan ɗaya domin su ne kaɗai masana'antar za ta gani, ba zanena ba. Masana'antun Shenzhen a ƙasar Sin sukan karɓi oda daga guda biyar, a kan farantin FR-4 mai kaurin milimita 1.6 da koren fenti mai hana dalma yaɗuwa, kuma kuɗin kawo su Nijeriya ya fi na ƙera su. A shimfiɗar farin rubutu na sa alamar fozitif da negatif manya-manya a bakin kowane mahaɗi, na rubuta cewa iyakarsa amfiya biyar ne, na kuma ƙara da Hausa cewa kada a haɗa shi da inbata, domin inbata mai wat 500 a kan batir mai bolt 12 tana jan fiye da amfiya 40, wanda ya ninka abin da aka lissafa wa hanyoyin allon har sau takwas.